Tsutsar Albasa Ta Saba da Maganinku, Ni Ake Kira Maha'inci

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo muna maganin feshi mai jan marfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ranka ya daɗe yana lafiya cikin sanyin ofis, ni ne Garba, mai rumfar maganin gona a kasuwar Boɗinga. Na rubuto a fili ne saboda wakilinka ya daina ɗaukar wayata, ita kuwa tsutsa ba ta daina cin albasa ba.

1. Shekarar da kunka fara kawo maganin nan, kun zo da mota da lasifika kuna rabon huluna. Wakilinka ya ce marfi ɗaya a jarkar feshi ya isa, kuma gaskiya ya faɗa, tsutsa ta zube. Da ta dawo munka kai kuka, ya ce a ƙara marfi. Ta sake dawowa, ya ce a ƙara wani, a kuma riƙa feshi duk mako. Manomanmu da marfi suke awo, ba da rubutun jikin kwalba ba, kuma da bakina na isar musu da saƙonku. Kwalba ta riƙa ƙarewa da wuri. Ban ji kun yi baƙin ciki ba.

2. Bana, a noman rani, Malam Umaru na Kajiji, wanda ƙanwata ke aure, ya kai marfi huɗu. Ya tsaga ganyen albasa a gabana, ga tsutsa kwance a ciki, koriya shar, ta fi shi ƙiba. Fadamarsa ta yi fari kamar an ƙone ta, hannunsa ya saɓule, ya kwana biyu yana amai. Mutanen Lambara ma haka. Sai magana ta zaga cewa Garba na surka magani da ruwa. Yanzu in na yi sallama a majalisa, ciki-ciki ake amsawa. Ƙanwata ta aiko a gaya mani kada in je sunan ɗanta.

3. Na ɗauki kwalba sabuwa da hatiminta na kai wa wani tsohon malamin gona a Sifawa. Ya ce maganin ba jabu ba ne, tsutsar ce ta canza. Uwarta ita ce faɗa-wutar nan mai ruwan ƙasa da ke saka ƙwai a ganye. A cikin 'ya'yanta akwai waɗanda jikinsu ke sarrafa wani sinadari mai narkar da guba kafin ta kashe su, kuma abin gado ne. Duk feshin da munka yi, raunana muke kashewa, mu bar wa masu taurin rai gona su hayayyafa. Ya ce masu ilmin ƙwari sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake cewa a riƙa sauya magani da wani iri daban. To ranka ya daɗe, ko ba ku sani ba, wanda abin kunya ne ga mai sayar da guba, ko kun sani kun yi shiru. Zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

4. Da ƙorafi ya yi yawa kun kawo "sabo" mai shuɗin marfi, da hoton zaki a jiki. Ban yi nisa a boko ba, amma ina karanta ƙananan baƙaƙe. Na jera kwalaben biyu, sunan sinadarin guda ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san a sake wa tsohon kaya riga, amma ban taɓa yi wa mai jiran abincin iyalinsa haka ba.

5. Shugabannin kasuwa sun ba ni zuwa ƙarshen watan nan in kawo shaidar cewa kayana na gaske ne, in ba haka ba in tashi daga rumfar da mahaifina ya bar mani. Ban ga laifinsu ba, ni suke gani, ba ku ba.

Buƙatuna kaɗan ne. Ka turo wakilinka ranar kasuwa, da lasifikar nan da ya yi talla da ita, ya faɗa wa jama'a cewa kwalaben Garba daga hannunku sunka fito da hatiminsu. Ya faɗa da Hausa cewa ƙarin marfi ba ya kashe tsutsar, mai feshin yake kayarwa. Ku janye mai shuɗin marfi, ku kawo wani iri na gaskiya, da mutumin da zai koya muna yadda ake sauyawa.

In ba ku zo ba, ina da bokiti a bayan rumfa. A gaban shaidu na buɗe sabuwar kwalbarku mai shuɗin marfi, na fesa wa ganye, na zuba wa tsutsotsin da na ɗebo daga fadamar Umaru. Suna nan suna ci, suna ƙara jiki. Ranar da zan bar rumfar, a kan tebur zan ajiye su kusa da kwalbarku, zakin yana kallon jama'a.

Allah ya ƙara wa Manaja lafiya da girma, ya ciyar da iyalinka da halal, ya ba ka ikon ɗaukar waya.

Wassalam.

Garba Mai Magani,
Kasuwar Boɗinga.