Muryar Mahaifiyarku da Na'urar Ƙarƙashin Bene

Da sunan Allah nake rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, ko da yake jiki ya fara sallama.

Zan fara da gyara kuskure. Babba, shekara huɗu kana gaya wa dangi cewa Auta ne ya zare wayar na'urar ajiya har muryoyin marigayiya mahaifiyarku da aka naɗa a ciki suka salwanta. Ba haka aka yi ba. Ni ne na goge su da yatsana, wata safiyar Talata, ina zaton kwafi ne na banza. Na ji ana ɗora wa ɗan'uwanka laifi, na yi shiru. Ka nemi gafararsa. Ni ma ina nema.

1. Riƙon na'urar na bar wa Auta, amma abin da ke cikinta na kowa ne. Ta tsufa, dole ku haɗa sabuwa. Kada mai shago ya ruɗe ku da maganar sauri. Ajiya ba tsere ba ce. Ku nemi akwati mai samun iska, da fanka mai kyau, da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. A ɗaga ta daga ƙasa, a nesanta ta da bango da taƙi ɗaya. Taƙi na ce, ba yatsa uku ba.

2. Faifan ajiya biyu za ku saya, girmansu ɗaya, amma ba shago ɗaya ba, ba rana ɗaya ba. Waɗanda aka ƙera tare sukan mutu tare. Manhajar da ke tayar da na'urar a ba ta nata ƙaramin faifai dabam.

3. A saita su yadda duk abin da aka rubuta wa ɗaya za a rubuta wa ɗayan. Amma a nan na yi tuntuɓe: wannan kariya ce daga mutuwar faifai, ba daga hannun mai gida ba. Da na goge a ɗaya, ɗayan ya bi umarni nan take. Saboda haka a kunna tsarin da ke riƙe abin da aka goge har kwana talatin, kuma kwafi na uku ya zauna a gidan yayarku Malama.

Daƙiƙa arba'in suka rage na muryarta. Tana cewa, "Malam, ka rabu da akwatin nan ka zo ka ci abinci, ba gudu zai yi ba." Sai ƙarar ƙofa. Duk lokacin da na wuce benen na ji faifan yana motsi, sai na tsaya, kamar za ta ƙarasa maganar.

4. Farkon kowane wata ku taru, ku duka uku, ku buɗe kwafin ku saurara. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Kada ku bari wannan gida ya watse.

Na haɗo da: mabuɗin ƙarƙashin bene, kalmar sirri a ambulan mai hatimi, zanen wayoyi, shafi biyu, da tsofaffin faifai biyun da na goge muryoyin a kansu, na cire su daga na'urar, suna naɗe cikin mayafin mahaifiyarku. Kada a jona su, kada a yar. Wani masani ya ce mini abin da aka goge yakan zauna a ciki muddin ba a rubuta wani a kansa ba. Na kasa kai masa. Ku kai.