Matattun Firji a Jikin Katangata

Litinin, 3 ga Maris
Dillali ya kawo mutum na farko mai son sayen gidana. Tun da safe na share tsakar gida, na wanke banɗaki da hannuna, har labulen falo na canza. Mutumin ko saukowa daga mota bai yi ba! Ya leƙo, ya ga tarkacen maƙwabcina Mai Firji, ya ce su juya. Matattun firji jere a jikin katangata, wasu ba ƙofa, ɗaya har ciyawa ta tsiro a ciki. Ga tsofaffin tayoyi cike da ruwa, sauro sun kafa gari. Kullum na yi magana sai ya ce, "Kayan gyara ne, Malam." Gyaran me? Koren firjin nan tun uwar yarana tana raye yake wurin.

Alhamis, 6 ga Maris
Babban ɗana ya bugo. Wai ɗakin da ya gyara mini yana jira, in daina zama ni kaɗai da ciwon gwiwa. Na ce ya zo ya yi wa firji bayani.

Asabar, 8 ga Maris
Na je wa Mai Firji da lalama. Na ce, maƙwabci, ka rufa mini asiri ka janye kayan nan, ko zuwa a gama ciniki ne. Yana kwance wani inji, ko ɗago kai bai yi ba. Wai mai son gida ai ba titi zai saya ba. Sai kuma ya tambaye ni ko na sha maganina. Ina ruwansa da maganina?

Talata, 11 ga Maris
Miji da mata, da jaririnsu. Matar ta yaba kicin, mijin ya ƙwanƙwasa bango ya gyaɗa kai. Har na fara murna. Muna fitowa wani ƙaton ɓera ya faso daga cikin firji ya bi ta kan ƙafarta. Ihu, salati, takalmi ɗaya a kwata. Dillali ya ce ko in sassauta farashi ko in kai ƙara ofishin tsafta.

Laraba, 12 ga Maris
Na je har ƙofar ofishin. Layi ya yi tsawo, na dawo. Gwiwa ce.

Lahadi, 16 ga Maris
Yau na kama shi! Ina gama shara, don da yamma za a kawo wani, na leƙa ta taga. Sai ga Mai Firji yana turo wani ruɓaɓɓen injin wanki daga cikin gidansa, yana nishi, ya jingine shi dab da ƙofata. Ashe da gangan ne! Da ya ji ƙarar tsintsiyata sai ya san baƙi na tafe.
Na fita ko hula babu. Na ce masa mugu, ɗan baƙin ciki, ƙazami. Har na ce ba banza 'ya'yansa ba sa leƙo shi ba. Wannan ɗin... to, ya riga ya fita.
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sai ya ce, "Na farkon nan gidan haya zai mai da shi. Na biyu bai ko gaishe ni ba. Ni zan zauna da su, ba kai ba. Kai ai ka samu wurin zuwa."
Ya shige ya rufe ƙofa. Ji mini rainin hankali! Gidana ne ko nasa?

Litinin, 17 ga Maris
Bai fito ba. Gara haka.

Alhamis, 20 ga Maris
Motar masu sayen tsohon ƙarfe ta zo ta kwashe komai, har koren. Tayoyin kuwa Mai Firji ne ya ɗauka da kansa, ya nome ciyawar cikin rana tsaka, tsoho da shi. Ko kallon ƙofata bai yi ba. Yanzu katangata ta fito fili, ashe duk ta tsattsage, firjin ne ke rufe ta. Wannan ma laifinsa ne.

Asabar, 22 ga Maris
Wani ma'aikacin banki ya duba, ya ce ya yi masa. Wai layin tsaf, ga shiru. Shirun ya yi yawa ma, ba guduma, ba rediyon nan nasa mai tari. Baccin rana ya gagare ni.

Talata, 25 ga Maris
Dillali ya bugo har ya gaji. Na ce ya dakata tukuna, mutumin ya cika kallon agogo, ban cika yarda da irinsu ba. Yaron nawa kuma na ce masa katanga na son gyara kafin a yi maganar sayarwa, kuma gaskiya ce.
Mai Firji na kwance, baya ya riƙe tun ranar kwashe kaya. Wa ya aike shi? Na kai masa abinci da man shafawa, don kawai kada a ce. Ban yi maganar Lahadi ba, shi ma bai yi ba. Ya cinye tas, sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Marar godiya.
Gobe zan rage.