Tsiren Lahadi a Yamai

Yaya Sani, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna?

Ran Lahadi na bi abokai ma'aikatan Nasara shan iska bakin gulbi, har da Habu ɗan maƙwabcinmu. Muna cin tsire sai ga Malam Idi na Kwaya, tsohon da ya sha ba mu fura a gonarsa, ya yi sallama. Habu ya kifa hula kan naman, ya amsa masa da Faransanci! Ko "bismillah" ba wanda ya ce. Tsohon ya ce, "Allah shi yi albarka," ya wuce. Tir!

Ku sa ni a addu'a, don ni ma shiru na yi, da nama a bakina. A gaida Inna, amma kar a karanta mata wannan.

Ƙanenka, Isufu