Amsar da Ta Faɗa Ƙarƙashin Wata Tambaya

Daga cikin jirgi, ranar Alhamis, a hanyar komawa Durban

Thobeka, ruwan sanyina bayan zafin murhu, inuwar mangwaron tsakar gida, fitilar bakin gaɓa da matuƙi ke nema idan teku ta gajiyar da shi! 'Yar gidan Shezi mai wushirya, malamar yara, wadda fushinta ma ya fi mini fara'ar wasu!

Na san kina gane rubutuna za ki so ki yayyaga takardar nan. Taki ce, ki yaga. Amma ki fara karantawa, ko don Mama Gumede da ta kawo miki ita. Ita ce dattijuwar da ke shugabantar masu wanki a jirginmu, wadda nake ba ki labarinta. Gobe Juma'a za mu tsaya a Durban na yini ɗaya, ita tana da izinin sauka, ni ba ni da shi, don ranar sauke fasinjoji da ɗaukar wasu ba a barin mai wanke tukwane irina ya leƙa ko bakin ƙofa. Ta ce za ta hau tudun unguwarku ta Umlazi da ciwon gwiwarta, kuma ba za ta tashi daga kujerarku ba sai ta ga idonki ya kai layin ƙarshe. Na san halinta, za ta aikata.

Ba zan ce ban rubuta saƙon nan ba. Ni na rubuta shi, da yatsana, kuma a cikin hankalina. Abin da nake so ki sani shi ne ranar da na rubuta shi, da tambayar da nake amsawa.

Ranar da muka tashi zuwa Mauritius, tudun Bluff na bakin Durban bai gama ɓacewa ba saƙonki ya shigo. Kika ce Baba, mahaifinki, ya ce a tambaye ni, da gaske mutanenmu za su zo neman aurenki Asabar ɗin da aka ambata, ki ce masa ya shirya? Na karanta shi hannuna duk kumfa, shugaban kicin yana ihu a kaina. Sai da na tashi aiki na samu na amsa, lokacin kuwa mun yi nisa, ba ƙasa ba alamarta. Na rubuta: "Ƙwarai kuwa, ki faɗa masa yau ɗin nan. Na daɗe ina jiran ki yi mini wannan tambayar." Na danna, na rungume wayar kamar ke ce. Saƙon bai tafi ba. Ɗan agogon nan ya tsaya a gefensa, ya ƙi zama alamar nan irin wadda kike yi wa yaranki da jan biro.

Za ki ce don me ban rubuta doguwar magana ba, in ambaci Asabar, in ambaci Baba da baffannina. Kin yi gaskiya. Amma bari in gaya miki yadda intanet yake a jirgin nan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, ya faɗa wa farantan kama sabis da ke can ƙololuwar jirgi, daga nan a raba. Fasinjoji ke fara ɗiba. Su ne a sama, bakin tafkin wanka, suna ɗaukar hoton farantin kifi suna tura wa dangi, suna kallon ƙwallo a waya suna ƙorafin wai yana ɗan tsayawa. Mu muna ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, bangon ƙarfe ta kowane gefe, sai abin da suka rage yake gangaro mana. In sun farka, namu ya mutu. In an zuba musu abinci ya ɗan farfaɗo, amma lokacin ne kuma hannunmu ba ya da sukuni. Wuri ɗaya ne yake kamawa da ɗan dama, wata matattakala kusa da ɗakin wanki. Ki zo ki ga manyan mutane masu iyali, daga Kenya, daga Madagaska, daga Filifin, kowa ya ɗaga waya sama yana karkata kai, ba mai yi wa wani dariya. A wannan matattakalar muka koyi gajarta magana. Hoto ba ya tafiya, murya ba ta buɗewa, dogon rubutu ma tsoronsa muke ji. Layi ɗaya ko biyu, ka yi addu'a, ka koma bakin aiki. Wannan ɗabi'ar ce ta cuce ni.

Sai kuma iska ta taso mana a kudancin Madagaska. Jirgi na tangaɗi, tukwane na gudu a kan kanta, farantin kama sabis ya kasa riƙe tauraro. Su kansu fasinjojin sun yi cincirindo a teburin karɓar ƙorafi, balle mu. Duk hutun da na samu ina kan matattakala, hannu a sama har kafaɗata ta sage. Wani lokaci wayar takan kama na ƙiftawar ido, ta nuna wa duniya ina nan, ta sake saki ba ta aika komai ba. Na san kin gani. Na san kin ce ga shi a kunne, amma ya ƙi kula ni. Wa zai zarge ki?

Rannan da hantsi iska ta lafa, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na duba, agogo ya zama alamar maki, saƙona ya tafi. Na ga saƙon muryarki guda, da'irar nan tana ta juyawa a kansa ya ƙi buɗewa. Can sai ga rubutunki a ƙasa, kalma uku: "Na faɗa masa."

Thobeka, na yi rawa. Ni da kika ce ina rawa kamar mai kashe kyankyaso, na yi rawa a tsakiyar kicin da soso a hannu. Kazungu, abokin ɗakina mai gasa burodi, ya ɗauki murfin tukunya yana kiɗa yana cewa, "Ango! Ango mai ƙamshin sabulu! Yanzu wace marar sa'a ce ta yarda da wannan kan naka?" Na saya wa kowa lemo. Da na koma ɗaki na ɗauki farin tawul ɗin goge kwano na ɗaura a ƙarfen gadona, yadda samarin ƙauyenmu ke kafa farar tuta a ƙofar gida idan budurwa ta amsa. Kwana biyu ina kallon da'irar nan tana juyawa a kan muryarki, ina cewa a raina waƙa kika yi mini, ko kuwa dariyar mahaifiyarki ce kika ɗauko.

Sai da muka shiga tashar Port Louis ta Mauritius, na sauka na zauna a wani shagon shayi mai intanet na ƙasa, muryar ta buɗe. Na sa a kunne ina murmushi. Kika ce: "Khulekani, ni ba yarinya ba ce. Na tambaye ka magana ɗaya ka yi gum, alhali ina ganin wayarka a kunne. In ka samu wata a jirgin nan, ka fito ka faɗa. In je in ce wa Baba a bar maganar Asabar?" A ƙarshe kika ja hanci, kin ɗauka kin riga kin kashe.

Na daɗe zaune shayi ya huce a gabana. A nan na gane abin da idonki ya gani: wannan tambayar a sama, amsata a ƙarƙashinta, ba komai a tsakani. Ƙwarai kuwa, ki faɗa masa yau ɗin nan, na daɗe ina jira. Wayyo ni! Da wani ne ya rubuta miki haka, da sai na bi shi har gida. Na kira, kin toshe lambata. Na ari wayar Kazungu, kina jin "Thobe" kika katse. Kazungu ya karɓi wayarsa, ya dube ni, ranar bai yi mini tsiya ba. Shi ya kwance tawul ɗin daga gadona don kada in shigo in gani. Na sa shi ya mayar.

Kin tuna Lahadin da muka zauna a kan gadar bakin teku, muna cin burodin nan da ake rarakewa a cika da miyar wake mai yaji? Yaji ya sa ki hawaye, kika ƙi yarda, kika ce iska ce. Wani farin jirgi yana fita daga bakin tashar, mutane na ɗaga masa hannu, kika nuna shi da ɓawon burodi kika ce, "Wannan ba jirgi ba ne, ɓarawon mazan mutane ne." Na yi dariya har na ƙware. Ko wata uku ba a yi ba na zo miki da takardar ɗaukar aiki a irinsa. Ba ki hana ni ba. Kika dai aiko yayarki da zaren farin dutsen ado da kika shirya da hannunki, ta rataya mini a wuya, ta ce, "To, ka ji amsar ƙanwata. In ka ɓatar da shi, kada ka dawo unguwar nan." Yana wuyana yanzu da nake rubutu. Dokar kicin ta hana abin wuya, don haka a ƙarƙashin riga yake kwana yake tashi, gumi ya sa zaren ya yi duhu, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Wace ce za ta raba ni da shi? Ina na ga wata? Ni da idona bai wuce gindin tukunya ba! Kuma ko da an jera mini duk matan da ke hawa jirgin nan, da turarensu da gilasansu, wace ce a cikinsu za ta gyara mini magana ina tsakiyar faɗa mata ina sonta? Wace ce za ta ajiye mini ƙanzon tuwon masara don ta san shi na fi so? Teku tana da faɗi, Thobeka, na gan ta da safe kamar madubi, na gan ta tana haukan da ke sa ƙato kiran uwarsa, amma ba ta taɓa cika mini ido yadda kike yi idan kin fito daga aji da alli a goshi ba. Ina kewarki. Ina jin tsoro kuma, ban ɓoye miki ba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa jin tsoron nutsewa ba sai a shagon shayin nan, ƙafata a kan ƙasa.

Daga shagon na kira Baffa Mzwakhe, wanda zai jagoranci masu zuwa gidanku. Ban gama gaisuwa ba ya rufe ni da faɗa: "Kai ɗan nan! Na kai kwat ɗita wanki, na goge sandata, na haddace kirarin gidan Shezi har awakina sun iya, sai ga aike wai mu sha zamanmu? Me ka yi wa 'yar mutane?" Na yi masa bayani dalla-dalla. Sai ya ce, "Wato waya ce ta sakar maka mata tun ba ka aura ba." Ya yi dariya har da tari, ni ko ban ga abin dariya ba. Daga baya ya ce za su je duk da haka. Ya ce dama ba a buɗe wa masu neman aure ƙofa da wuri, lokacin da suka je neman mahaifiyata tun hantsi suke kira sai da inuwa ta juya aka leƙo su.

Saboda haka ki sani, Asabar ɗin nan da sassafe za ki ji muryar tsoho a ƙofar gidanku yana kiran kakannin Shezi ɗaya bayan ɗaya. Baba ba zai buɗe ba, kuma yana da gaskiya, don abin da ya sani shi ne na wulaƙanta 'yarsa. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya shiga ɗakinsa ta ce masa, "Baba, kuskure aka yi." In ba ki shiga ba, tsofaffin nan za su tsaya har rana ta faɗi, su koma garinmu Eshowe da sandunansu, kuma kin san Baba ba ya sa rana sau biyu. Ni lokacin ina tsakiyar ruwa a hanyar Mozambik, hannu a sama a kan matattakala, ba zan ma san abin da ake ciki ba.

Ke malama ce. Idan yaro ya san karatunsa sarai, amma ya rubuta amsar tambaya ta ɗaya a ƙarƙashin tambaya ta biyu, korarsa kike yi daga makaranta? Na taɓa ganin kina duba takardun yara a kan tabarma. Kibiya kike ja da jan biro, ki mayar da amsar inda ta dace, ki rubuta a gefe: a riƙa lura. To ga shi na sake jarrabawar, a kan takarda, inda ba iska ba tauraro da zai raba tambaya da amsarta.

In ce wa Baba ya shirya, mutanenku za su zo? Ƙwarai kuwa, ki faɗa masa yau ɗin nan. Na daɗe ina jiran ki yi mini wannan tambayar.

In ce wa Baba a bar maganar Asabar? A'a, Thobeka. Ko a mafarki a'a.

Abu ɗaya na roƙe ki. Duk abin da kika yanke, kada ki turo shi ta waya. Ko kin buɗe lambata, kada ki rubuta mini "na faɗa masa", don zuciyata ba za ta iya ɗaukar waɗannan kalmomin karo na biyu ba tare da sanin me aka faɗa ba. Ki gaya wa Mama Gumede da bakinki, cikakkiyar magana mai kai da gindi. Dole ta dawo jirgi kafin a janye tsanin hawa da la'asar. Da ciwon gwiwarta da tsayawarta gaisawa da kowa a tashar mota, har yanzu ta fi intanet ɗinmu sauri, kuma ba ta taɓa kai saƙo inda ba a aike ta ba.

Farin tawul yana nan ɗaure a gadona, zarenki yana wuyana. Ba zan kwance ko ɗaya ba sai in ke kika zo kika tsinke da hannunki.

Naki a tudu, naki a ruwa, naki ko da sabis ko babu,

Khulekani Mthethwa