Ragona Ba Shi da Tsutsar Ciki

Zuwa ga Shugaban kamfanin magungunan dabbobi na ƙetare, mai tallar maganin tsutsar ciki a Maiduguri.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka na nan gida da na ƙasashen waje. Sunana Bukar Aji, mazaunin Bulumkutu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don ba na son in yi muku abin da kuka yi wa ragona. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya same shi kullum, saboda haka zan bi maganar daki-daki. In na yi kuskure a gyara mini.

Na farko. Ina da rago guda, farin Balami, na turke shi don layya. Wata safiya na wanke shi da sabulu, na ɗaure shi a ƙofar gida ya bushe. Wani mutum mai rigar kamfaninku ya sauko daga mota, ya nemi ya ɗauki hotonsa. Na zaci kyansa ya gani, har na riƙe masa igiya. Jiƙaƙƙen rago kuwa ba ya kyan gani: gashi a manne, kunnuwa a langaɓe, ido kamar an yi masa rasuwa.

Na biyu. Yau hoton nan yana shagunan magani na Kasuwar Shanu da bayan keke napep. A hagu ragona, an rubuta KAFIN. A dama wani ƙato, an rubuta BAYAN. Wataƙila a ƙasarku raguna duk kamarsu ɗaya. A nan dillali yana gane rago yadda yake gane surukinsa. Na daman nan ragon Alhaji Modu ne na Wulari, mai karkataccen ƙaho, kuma tun bara aka yanka shi, ni ma an aiko mini da tsoka. Ke nan kuna cewa in nawa ya sha maganinku zai zama ragon da muka riga muka cinye.

Na uku, kuma nan ne damuwata. Layya ba ta halatta da dabbar da ciwonta ya bayyana. Mahaifiyata, Ya Falmata, ta ga hoton a bayan keke. Ta ce ciwon da aka buga a takarda aka manna a gari, wace bayyana ce ta fi wannan? Ta rantse ko hantarsa ba za ta ci ba. Na kai ta gabansa yana cin harawa kamar zai haɗa da kwanon, ta ce Turawa masu na'ura sun fi ni ganin cikinsa. Na kira limamin unguwa. Ya duba haƙori, ya duba ido, ya ce shi dai lafiyayye yake gani, amma me ya sa na bari aka sa shi a layin marasa lafiya?

Na huɗu. Ni ma na fara shakka. Na sayi maganin naku na ɗura masa bisa ƙa'ida. Kowace safiya ina tona kashinsa da tsinke, ban ga komai ba. To, don babu ne tun asali, ko don maganin ya yi aiki? Maƙwabta suna tambayata ya mai jiki. Da nakan ce ba shi da ciwo. Yanzu nakan ji bakina ya ce da sauƙi.

Na je wurin wakilinku, ya ce daga ƙetare ake tsara tallar, ya ba ni hular kamfani.

Roƙona shi ne ku aiko likitanku ya duba ragon a gaban Ya Falmata, kuma ya zo da rigar aiki, in ba haka ba ba za ta saurare shi ba. Ku sauke hoton. Ragon Alhaji Modu kuma a bar shi ya huta.

In kuwa da gaske kun hango wani abu a cikinsa, ku faɗa mini kafin liman ya yanka nasa ranar Idi, domin ba ni da wani ragon, ba ni kuma da wata uwar.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya ba dabbobi lafiya, ya bar wa masu ita tasu.

Wassalam.

Bukar Aji,
Bulumkutu, Maiduguri.