A Maido Mini Tsohon Injin Akori-Kurata

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Mota ta Garejin Gindin Kuka, Jega.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu cin abinci ƙarƙashinka, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da haƙuri da jama'a.

Ni ne Garba Direba na Jega Sabon Gari, mai shuɗiyar akori-kurar nan da ke kwance bayan garejinku kusa da tulin tayoyi. Ka san ni, ka san motar, don ko mahaifinka, Allah shi jiƙan shi, ya sha ɗaure mata birki. Ban yi boko ba, ko harafi guda. Maƙwabcina Malam Hassan, tsohon malamin makaranta, shi ke rubutawa ina faɗi, kuma na ce mishi kada ya gyara mini magana, ya sa ta yadda ta fito. Ya so ya rage wasu wurare, na hana.

Sau uku ina zuwa ofishinka. Na farko anka ce ka tafi ta'aziyya Maiyama. Na biyu ka ce in dawo bayan Sallah. Na uku ka ba ni kujera da ruwan sanyi, ka ce a yi haƙuri, duk 'yan'uwa ne. Na sha ruwan, na gode. Tunda maganar cikin ɗaki ba ta yi ba, ga ta a fili kowa ya ji.

Na ɗaya. Fiye da shekara talatin ina jigilar albasa da wagga mota, daga fadamun Aliero da Jiga Makera zuwa kasuwar Jega. Da ita na aurar da ɗiyana biyar, da ita na yi rufin kwano. Injinta na fetur ne, tsohon yayi, kuma ina gane kukanshi kamar yadda nake gane tarin uwar ɗiyana cikin taron mata. In ta yi gardama a hanya, sai in ɗaga bonet in kasa kunne. In kabireta ce, in kwance ta bisa buhu in hura da bakina. In kontak ne, in goge shi da bayan ashana. Sufana biyu da filaya da waya kamu ɗaya, su ne asibitinta. Ba ta taɓa kwana daji ba, ba a taɓa jan ta da igiya ba. A tambayi duk wanda ke tashar Aliero.

Laifinta guda, shan mai. Da fetur ya tashi, sai ya kasance in yi sawu biyu in ga na yi wa mai gidan mai aiki ne. Nan Sanusi, ɗan ƙungiyarku, wanda ake kira Injiniya, ya same ni. Ya ce Baba, zamani ya wuce inda kake. Ya ce akwai injin gas ɗan Beljiyam da anka ciro daga wata mota da ta yi haɗari, mai ƙarfi, mai ƙwaƙwalwa, wato wani ɗan akwati da ke auna ma injin mai da kanshi. Na ce ai gas ya fi fetur tsada. Ya ce ko da ya fi, lita ɗaya za ta yi mini tafiyar biyu. Sau huɗu yana zuwa ƙofar gidana, har da tsarabar goro. Ni da ba a saba juya ni ba, na juyu. Wanga laifina ne, na ɗauka, kuma Allah ya gani kullum sai na tuna ma kaina.

Na sayar da bijimaina biyu na noma, na buɗe rudu guda, wato rumbun kara, na albasar da na ajiye ina jiran ta yi kuɗi, na biya shi cif. Ya ce sati uku. Wata huɗu ta yi a hannunshi. Anka yanke, anka yi walda, anka canza mazaunin inji, anka ja wayoyi kala-kala kamar hanjin rago, anka ɗaure ɗan akwatin ƙarƙashin kujera cikin leda.

Na biyu, kuma a riƙe wanga da kyau. Ranar da anka ɗaga tsohon injina da sarƙa anka aje shi ƙasa, ina tsaye. Bello Dogo, direba mutumin Maiyama, shi ma yana tsaye, yana da rai, a kira shi. Na dafa injin na ce, "Sanusi, wanga ka aje mini shi, ka rufe da tamfol. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ko kuka za ka yi mishi ne? To yana nan, ba mai taɓa maka." Munka yi musafaha. Ba takarda. Ni tun da nake ban taɓa neman takarda wurin Musulmi ɗan'uwana ba.

Ba zan yi ƙarya ba don ina jin zafi. Da motar ta fito, ta yi kyau. Buhu ashirin ta ja daga Jiga Makera ba ta ko yi nishi ba, ta fita yashin da dā sai an sa mata kara ƙarƙashin taya. Shan man ma ya ragu. Sati bakwai na yi ina jin kamar an maido mini ƙuruciya, har ina yi wa abokan aiki ba'a. Abin da kawai ya dame ni, in na ɗaga bonet na kasa kunne, ba na jin mi take cewa. Kamar an ba ni baƙo wanda ba ya jin Hausa.

Na uku. Ranka shi daɗe, kai ɗan gareji ne, ka san al'adarmu ta aron batir. In motar ɗan'uwa ta ƙi tashi, kuma tana da lodi ko tana cikin yashi inda ba ta turuwa, sai ka tada taka, ka bar ta tana silo, wato injin na kunne tana tsaye, ka kwance batirinka ka kai mishi ya tada tashi, ya maido maka ka ɗaure. Babu mai yawo da wayar jona batir cikinmu, ba mu taɓa buƙatar ta ba. Haka na gani wurin wanda ya koya mini tuƙi, haka na yi shekara talatin. Ana barin motar kunne ne don kada batirin ya ƙare wurin tada ta ɗan'uwa, ku zama ku biyu a kwance. Direban da ya hana batir, ko gaisuwar kirki ba a yi mishi a tasha.

Wata Laraba da hantsi, tsakiyar ɗibar albasa, na fito daga fadama da lodin Alhaji Manu na Jiga Makera, wanda tun zamanin mahaifinshi ni ke ɗaukar musu kaya. Sai ga Bello Dogo a kan hanyar yashi, motarshi cike, ta mutu, rana na dukan albasar mutane. Ya ɗaga mini hannu. Mi zan yi? In wuce? Na tsaya, na bar tawa tana silo, na ɗauko sufana na kwance kan batir. Ina ɗaga wayar sai na ji injin ya yi wani irin shaƙewa, fitilun gaban sitiyari sunka haska gaba ɗaya sunka ɗauke, ta mutu. Na ce ba komai. Munka tada ta Bello, na maido batirina na ɗaure, na murɗa makulli. Tana juyi, ba ta kamawa. Na murɗa har hannuna ya gaji. Na ɗaga bonet, na tsaya ina kallo, ba kabiretar da zan hura, ba kontak ɗin da zan goge. Ranar ce anka fara jan motata da igiya, ta tsakiyar Aliero, gaban kowa. Bello ne ya ja ni, yana kuka yana ba ni haƙuri.

Da munka iso gareji, Sanusi ya ji labari, sai ya dafe kai ya ce, "Baba, wa ya ce ka cire batir tana kunne? Ai ka ƙone ƙwaƙwalwar!" Na ce, wa ya ce kada in cire? Wata huɗu motata na hannunka, sau nawa munka zauna bisa benci ɗaya muna cin goro? Ka faɗa mini kalar man da zan zuba, ka faɗa mini kada in ba kowa makullin ya yanko wani, amma abin da ka san kowane direban albasa yana yi duk sati, shi ne ba ka faɗa ba. Ya ce ya zaci kowa ya sani. Wa ke kowa? Ni dai a tasharmu ba a taɓa samun mota mai ƙwaƙwalwa ba kafin tawa. Har yanzu ina cewa ban yi laifi ba. Malam Hassan ya ce in sassauta nan, na ce a'a. Motar da za ta mutu don an taimaki ɗan'uwa, ita ke da laifi, da wanda ya kawo ta bai yi gargaɗi ba.

Na huɗu. Anka kira wani mai kwamfuta daga Birnin Kebbi, ya soka waya, ya daɗe yana kallon allo, ya ce akwatin ba ya amsawa. Anka aiko da wani akwatin daga Kano, anka ce bai san makullina ba. Anka aiko da na biyu da nashi makulli, anka ce shi kuma bai san famfon mai ba. Ni ban taɓa jin inda ƙarfe ke ƙin ƙarfe don ba su san juna ba sai bana. Daga nan Sanusi ya fara ɓuya. In na shigo ta ƙofar gabas, ya fita ta yamma. Damina ta zo ta wuce a kan motata. Tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ƙarƙashi, kazar mai abinci ta yi ƙwai a kujerar direba har ta ƙyanƙyashe. Da na yi magana, wani cikin mutanenku ya ce in gode Allah, motar ta koma haihuwa. Anka yi dariya. Na san wanda ya faɗa, na san uwarshi, kuma ban manta ba.

Alhaji Manu ya jira ni har ƙarshen ɗiba, yana hayar wasu. Bana da anka yi dashe, ya zo har gida ya zauna bisa tabarmata, ya ce Garba, in ba ta tashi kafin a fara ɗiba ba, zan ba wani lodin gaba ɗaya, kada ka ga laifina. Ban ga laifinshi ba. Albasa ba ta jiran kowa, kuma ga ganye ya fara kwanciya a fadama, ɗiba ta kusa.

Na biyar, shi ne abin da ya sa na nemi alƙalami. Da na ga ƙwaƙwalwa ta gagara, na ce to a cire musu injinsu, a maido mini nawa. Sati guda ya ishe ni, ko ni kaɗai ne zan ɗaure shi. Na zagaya inda anka aje shi. Tamfol na nan, an naɗe, an ɗora dutse. Inji babu. Sanusi ya ce al'adar gareji ce, duk ƙarfen da anka cire ya kwana arba'in ba a ɗauka ba, na gareji ne. Ya ce masu sayen gwangwan sun auna shi a sikeli tun kafin damina. Ranka shi daɗe, wagga al'ada yaushe anka yi ta? Ko an yi ta, ta fi musafaha? Ta fi "ba mai taɓa maka"? Ni tawa al'adar ta aron batir an ce jahilci ce, ku taku ta cinye amana sunanta doka.

Na bi sawu da ƙafata. Mai gwangwan ya ce baƙin ƙarfen ya tafi kudu cikin tirela. Farin kuma, kan injin da kabiretar, masu zubin tukwane sunka saya. Tun ranar, in na bi ta layin masu tukwane a kasuwa, sai in tsaya in ɗaga wata in ƙwanƙwasa. Ban san mi nake nema ba. Mai shagon ya fara ce mini Baba in ba saye za ka yi ba ka matsa.

Ga abin da nake roƙo, ko da yake na san yadda roƙon talaka ke ƙarewa. A tara ni da Sanusi da Bello Dogo gabanka, ranar kasuwa, a sa shi ya faɗi da bakinshi ko ya yi mini alkawarin aje injina ko bai yi ba. In ya rantse bai yi ba, na bar shi da Allah. In ya amsa, ƙungiya ta sa ya nemo mini irin tsohon injina, mai kabireta, ko daga wace tsohuwar mota ce, kafin a fara ɗibar albasa. An ce mini irinshi ya yi wuya, waɗanda sunka rage duk sun bi hanyar nawa. Na ji. A dai nema a gani.

Sannan ka hana mutanenka sa wa wani tsoho irin wanga inji ba su zaunar da shi sun karanta mishi abin da ƙwaƙwalwar ba ta so ba. Na ji Sanusi ya fara zuwa ƙofar gidan wani a Maiyama da goro.

In kuwa duk wanga ya gagara, to a ja mini motata zuwa gida. Kada ta ƙara kwana arba'in wurinku, na san abin da ke biyo baya. Ta kwanta ƙofar gidana inda zan riƙa ganin ta, in na mutu ɗiyana su yi yadda sunka ga dama.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka ikon yin adalci ko da a kan naka ne, shi tsare ka da ranar da za ka tsaya gaban abin da ka rayu da shi ka kasa gane kukanshi. Allah shi sa ka gama da iyayenka lafiya, shi shirya maka zuri'a.

Batirin dai shi bai ƙone ba. Na kwanto shi tun ranar, yana ƙarƙashin gadona bisa katako, duk sati biyu ina kai shi caji. Duk direban da motarshi ta mutu tsakanin Jega da Aliero, ya aiko a ɗauka. Ban taɓa hana kowa ba, ba kuma zan fara yanzu ba.

Wassalam.

Naka,
Garba Direba,
Jega Sabon Gari.