Minti Ɗayan da Aka Ba Ni

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Inna, yaya ƙafarki, yaya su Rahmat da zaman Diffa can Nijar? Ni lafiya lau nake. Ina taya Goggo Turai tsintar kifi a kasuwar Baga Road. Ƙaya tana ɗan sukar hannu, amma na saba.

Ranar Asabar aka yi taron matasa a unguwarmu, aka ce kowa ya faɗi irin Afirkar da yake so. Kin san ni da kunya, amma ƙawata Chimdi ta kama hannuna ta ɗaga, ta ce, "Ke ma 'yar ƙasa ce, tashi!"

Minti ɗaya ake ba kowa. Da na ga dattawa a gaba, sai na durƙusa ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yadda kika koya mini. Ina cikin tambayar Bulama, mai unguwarmu, iyalinsa aka kaɗa ƙararrawa, aka karɓe abin maganar da aka ba ni. Mutane suka yi dariya. Ban yi kuka ba sai da na isa gida.

Ga abin da na so in faɗa, Inna: ina son Afirkar da yarinya za ta je ganin uwarta ba a mai da ita daga kan iyaka don rashin takarda ba. Shekara uku ke nan rabona da ke.

Ki sa mini albarka. An ce za a sake taron baɗi. Ki yafe mini, ranar ba zan gaida kowa ba.

'Yarki,
Falmata